Bulon Baba a Rabin Duro

A ƙarshen shekarun saba'in ina aiki a Funtua, a ɗakin gwajin ƙasa na masu shimfiɗa hanyoyin karkara, waɗanda motocin auduga da na taki ke bi su shiga ƙauyuka. Sunan aikin ya fi aikin girma. Ni ne mai tankaɗe ƙasa, mai ɗora ta a sikeli, mai wanke kwanoni in an gama. Amma a ƙauyenmu, can gefen Malumfashi, injiniya ake ce mini, ni kuwa ban taɓa ɓata bakina wajen gyara musu ba.

Shugaban ɗakin wani Ba'indiye ne, mai faɗa kamar ya ari baki, amma ya san aikinsa. A wurinsa na koyi abin da muke kira tsofar da bulo. Idan an cuɗa ƙasa da siminti kaɗan aka buga bulo, ba a jira damina ta zo ta nuna halinsa. Sai a tsoma shi cikin ruwa tun hantsi har azahar, a fitar da shi a gasa ya bushe ƙarau, a goge kowace fuska da burushin ƙarfe, a sake tsomawa. Haka za a yi ta yi har sau goma sha biyu. Bulon da ya sha wannan azaba bai zube ba, to ya ga damina da rani masu yawa cikin wata guda, ana iya ba shi amanar bango. Wanda ba shi da ƙwari kuwa, tun a tsakiyar hanya zai fara narkewa. Na so wannan gwaji ƙwarai, don ba ya jin kunyar kowa, abin da ƙasa take shi yake faɗa.

Majami'armu ta tubali ce tun ina yaro, kuma kowace shekara sai ruwan gabas ya ci bangonta, mu kwashe kaka muna yaɓe. Da aka gaji, dattawa suka yanke shawarar a gina sabuwa. Bulon siminti zalla ya fi ƙarfinmu, simintin ma a lokacin sai an sha wuya ake ganinsa. Ni na kawo shawarar a yi na ƙasa da siminti kaɗan, na ce zan aro injin bugawa na hannu daga wurin aiki. A raina na riga na zaɓi ƙasar. Akwai wani tudun marmara a hanyar Danja, jar ƙasa mai tsakuwa, irin wadda muke zubawa a hanya. Aibinta ɗaya, nisa, sai da jakuna.

Ban kai ga faɗa ba Baba ya riga ni. Baba yayan mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun mahaifina ya rasu ina ɗan shekara shida, shi ya kai ni makaranta, shi ya nemo mini aure. Ranar Lahadin godiyar kaka, lokacin da kowa ke kawo damin dawa ko kwandon masara ya ajiye a gaba, sai ya miƙe da sandarsa ya ce bana ba hatsi kaɗai ya kawo ba. Ya ce kusurwar gonarsa ta auduga, wadda ke daf da filin ginin, ya ba Ubangiji ita, a ɗebi ƙasarta a gina masa ɗaki. Mata suka rangaɗa guɗa, ni kuwa gabana ya faɗi.

Na san ƙasar nan, a cikinta na koyi riƙe fartanya. Sama-sama ja ce, amma in ka nutsa kamu biyu sai laka, mai danƙo, wadda ke cire wa mutum takalmi da damina, ta tsattsage da rani. Auduga na son ta, amma bango ba auduga ba ne. Sai dai a wurinmu, abin da mutum ya miƙe a gaban jama'a ya ce ya ba Allah, ba a mayar masa. Wanda aka mayar wa baikonsa, kamar an ce masa hannunsa ba shi da tsarki ne, kuma zai mutu da abin a zuciya. Balle Baba, dattijon da da shi aka fara yin sujada a garin a ƙarƙashin ɗorawa.

Na kwana biyu ina juya maganar, sai dabara ta zo mini, na kuma ji daɗin kaina ƙwarai da ita. Na gaya wa dattawa cewa a aikinmu ba a gini sai an gwada ƙasa, doka ce. Na ce za a buga bulo shida da ƙasar Baba, shida da marmara, a tsofar da su, wanda ya fi jurewa da shi za a yi. Lissafina shi ne, in bulon Baba ya narke a idon kowa, ba ni na faɗa ba, ruwa ne ya faɗa. Baba ya yi dariya ya ce a gwada, ƙasar da ta ciyar da gidansa shekara arba'in ba za ta ba shi kunya ba.

Muka buga su da farkon rani, muka yi musu ban ruwa har suka kama. Na yanka tsohon duro gida biyu na ajiye rabi a tsakar gidana, na shimfiɗa fallen kwano a inda rana ta fi dukan wuri, don shi zai zama mana tanda. Na aro sikeli wurin wani Alhaji mai sayen auduga, na auna kowane bulo na rubuta nauyinsa. Zagayen farko da hannuna na yi, matata na tsaye tana kallo. Ruwan ya ɗan yi ja a gefen bulon Baba, amma zagayen farko kowane bulo na zubar da ƙurarsa, ban ɗauke shi komai ba.

Kwana biyu da farawa aka tura mu aikin hanya wajen Mahuta, aka ce wata guda ba zuwa gida. Sai na damƙa wa matata aikin. Mace ce mai tsare abu, in ka ce mata cokali biyu ba za ta sa uku ba, har tsokanarta nake yi ina cewa da ita aka ɗauka a ɗakin gwaji da an kore ni. Na nuna mata komai dalla-dalla: lokacin tsomawa, lokacin fitarwa, yadda za ta danna burushi, sau nawa a kowace fuska. Na ce duk zagayen da ta gama ta jefa tsakuwa ɗaya a ƙwarya. Ta ce to. Na hau babur na tafi hankalina kwance.

Da na dawo, tsakuwa goma sha biyu cif na cikin ƙwarya, har da tawa ta farko. Bulon marmara sun ɗan ci a kusurwa, fuskarsu ta yi kaushi, amma suna nan da ƙarfinsu. Na Baba kuwa kamar jiya aka fitar da su daga inji. Na auna, na sake aunawa, kusan ba abin da suka rasa. A nan ya kamata in tsaya in yi tambaya. Mutumin da ya shekara uku yana wannan aiki ya san babu bulon ƙasa da zai sha burushin ƙarfe sau goma sha biyu ya fito sumul. Amma abin da na gani shi nake so in gani. Ba sai na ɓata wa Baba ba, ba sai an nemo jakuna ba, ga kuma ilimina ya yi rana. Na tuna Ba'indiyen nan ya taɓa cewa wata lakar takan ba mutum mamaki in ta haɗu da siminti, sai na rungumi wannan magana na rufe ido. Matata ta ci gaba da tankaɗenta, ni kuma ban dubi fuskarta ba.

Ranar Lahadi na ɗauki bulo biyu na kai gaban jama'a, na ɗaga su sama kowa ya gani. Na yi bayani har da abin da ba a tambaye ni ba. Na ce gani ya kori ji, wannan bango jikokinmu za su jingina da shi. Baba na zaune a benci na gaba yana gyaɗa kai, idonsa ya cika da ƙwalla.

Gayya aka yi ta yi duk Asabar. Maza na haƙa, samari na danna inji, matan zumuntar coci na jido ruwa daga rafi suna waƙa. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun zo ranar ɗora rufi, wani Malam kafinta ya ƙi karɓar ko kwabo. Kafin ruwan farko an gama. Gini ne mai kyau, ja wur, ana hango shi tun daga hanya, kuma duk baƙon da ya zo sai an nuna masa ni.

Damina ta farko ba abin da ya faru. A ta biyu na lura bangon gabas ya fara gari daga ƙasa, in ka shafa sai ya biyo hannunka. Na ce wa kaina feshin indararo ne. Da rani ya yi tsaga siriri-siriri, na saye siminti da kaina na toshe, ina yi ina waige kada a gan ni. A ta uku, cikin watan Agusta, aka yi kwana huɗu ana ruwa ba ɗagawa, sai bangon ya yi ciki, ya saki katakon rufi, ya zauna. Allah ya taimaka ranar Talata ce, ba kowa a ciki sai akuyar fasto da ta shiga fakewa, ita ma ta fita da ƙafarta.

Abin ya ci ni ƙwarai. Ba faɗuwar kaɗai ba, rashin sanin dalili. Na ɗauki hutun mako uku, na tsinto bulo huɗu masu lafiya daga bangon yamma, na nemo guda biyu na marmara da suka rage a bayan rumbu, na sake kafa rabin duron nan. Da yake damina ce, a kan murhu nake busar da su. Wannan karon ban ba kowa ba. A zagaye na uku kusurwoyin bulon Baba suka tafi. A na biyar, da na sa hannu in ɗaga ɗaya daga ruwa, sai yatsuna suka nutse a ciki, abin ya zama kunu. Na marmara kuwa, waɗanda suka riga suka sha goma sha biyu a baya, ko gezau.

Ina tsugune ina kallon jan ruwan nan, matata ta zo ta tsaya a bayana da tsintsiya a hannu. Ban juya ba na tambaye ta yadda ta yi gwajin farko. Ta fara ba ni labari a hankali. Ashe tun ranar da na tafi, kullum da hantsi Baba sai ya dogaro sandarsa ya zo, ya ja kujera ya zauna daf da duron, wai ya zo ya ga yadda 'ya'yansa ke cin jarrabawa. Rana ta biyu da ta tsoma nasa, ruwan ya yi ja, ta sa burushi sai ga ƙasa na zuba a gabansa. Ta ce ta ga ya ƙura wa bulon ido. Wannan mutum ne da ko sunansa ba ta iya faɗa, ba ta cin abinci a gabansa, in sun haɗu a hanya sai ta durƙusa. Daga ranar, nasa sai ta yayyafa musu ruwa da ludayi ta shafe da tsumma, na marmara kuma ta tsoma ta goge yadda na ce. Baba bai san yadda ake yi ba, ya ɗauka haka tsarin yake.

Na yi faɗa, ba zan ɓoye ba. Na faɗi maganganun da har yau in na tuna sai in ji nauyi. Na ce ta rusa ɗakin Allah da ludayi, ta sa gumin gari duka ya bi ruwa, ta mayar da ni abin dariya. Ta bari sai da na gaji, sannan ta jingina tsintsiyar da bango.

Ta ce, "Maigida, kai ka san ƙasar nan ba ta gini tun ran da Baba ya miƙe. Na ga fuskarka a coci. Kai da ya riƙa, kai da ke da bakin yi mashi magana, ka kasa. Ka hau babur ka tafi Mahuta, ka bar ni da burushi a gaban surukina. To ni wace ce?"

Haushin da nake ji bai ragu ba, sai dai ya rasa inda zai sauka. Na shuri rabin duron, ruwan ya malale tsakar gida, babban yatsana ya yi mako yana ciwo.

An sa taron dattawa da magidanta ranar Lahadi bayan sujada, a gindin ɗorawa tunda ba ɗaki. Na yi kwanaki ina shirya abin da zan ce. Gaskiyar a hannuna take, ga ragowar bulon da ya narke, ga na marmara. Amma in na faɗe ta duka, mutum biyu zan tsiraita. Matata za ta zama matar da ta ruguza majami'a, sunan da zai bi ta har rijiya da kasuwa, ya bi 'ya'yanmu. Baba kuma, wanda a shekarun nan uku ya ƙara tsufa, ido ya fara gazawa, zai ji a gaban jama'a cewa baikonsa ne ya faɗi, kuma surukarsa ta sani tun farko ta yi masa rufa-rufa don tausayi. Na yi ta neman wata hanya ta tsakiya wadda za ta kai mu tudun marmara ba tare da an taka kowa ba, na kuma ɗauka na samu.

Da aka ba ni dama na miƙe na ce gwajin da aka yi a gidana bai yi daidai ba, kuma laifin nawa ne. Wannan ba ƙarya ba ce. Niyyata in ɗora da cewa na sake wani, kuma a wannan karon marmara ta fi. Na fara ke nan, na ambaci sabon gwaji, sai wani magidanci, abokin wasana, ya ce halan wani duron aka sake yankawa. Aka fashe da dariya. Wani ya ce duron farko ya ci bango ɗaya, na biyu sai ya haɗa da rufin. Na ɗaga murya ina cewa a saurare ni, ƙasar tana da laka da yawa, laka na kumbura in ta sha ruwa. Shugaban dattawa ya ɗaga hannu ya ce injiniya an ji, a zauna. Yadda ya furta injiniyan, na san daga ranar sunan ya zama na tsokana.

Nan fa kowa ya zama masani. Wani ya ce siminti ne ya yi kaɗan, wani ya ce injin Turawa ne ba ya danna ƙasa kamar hannu, wani ya ce ai ruwan bana ko dutse ya jiƙa. Ba wanda ya kalli ƙasar, don ba wanda zai iya kallonta. Ina zaune ina jin su. Amsar tana bakina, na auna ta da sikeli, na taɓa ta da hannuna, amma na riga na zubar da abin da zai sa a yarda da ni. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Sai Baba ya dafa sanda ya miƙe. Na ɗauka faɗa zai yi mini, da ma hakan ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Ku ƙyale yaron nan. Da zuciya ɗaya ya yi, ilimin boko ne ya yaudare shi, ba shi ne farau ba. Kakanninmu ba su san duro ba, suka yi gini. Ƙasa kuwa tana nan, abin da na ba Ubangiji ban karɓe ba. Ku je ku ɗiba, ko gonar duka za ta ƙare."

Aka yi tafi. Aka yanke cewa da kaka za a tada bangon gabas da ƙasar Baba, a ƙara siminti kaɗan, a buga da hannu. Bayan taro na bi shugaban dattawa har gida na roƙe shi ko layi biyar na ƙasa a yi da marmara, ni zan nemo jakunan. Ya dafa kafaɗata ya ce in bar maganar haka, kada in ƙara wa tsoho ciwo, mutane za su ce ina neman wanke kaina ne da ƙasarsa. Na je wurin fasto, ya ce in yi haƙuri, zaman lafiyar ikilisiya ya fi bango. Na koma Funtua na gaya wa Ba'indiyen, ya dube ni ta saman tabarau ya ce wanda ya bar wa wani gwajinsa ba shi da bakin kuka, ya miƙo mini rariya.

Asabar ta farko bayan an cire auduga aka kira gayya. Na yi tunanin in fake da aiki in ƙi zuwa, amma ɗan gida ba ya ƙin gayyar ubansa. Na zo da sassafe, na tuɓe riga, na shiga ramin da muka haƙa shekara uku da suka wuce. Matata na cikin masu jido ruwa, ta wuce ni da tulu a ka, ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba. An kawo wa Baba kujera bakin ramin, yana zaune yana sa wa kowa albarka. Da ya ji muryata sai ya kira ni, ya ce ya ji daɗi da ban yi zuciya ba.

Ya ce, "Ɗana, kada ka tsaya a ta sama. Nutsa ƙasa sosai, ta can ta fi danƙo, ita ce mai kyan."

Na ce to, Baba. Na ɗaga diga na nutsa, na cika kwando da lakar, na ɗora a ka na nufi wurin gini.